Sabulu, Alewa da Taba: Tarihin Tallan da Ake Saƙawa Cikin Labari



Kusan dukanmu mun taɓa samun kanmu a irin wannan zama. Ana kallon fim mai dogon zango a falo, ko a waya a teburin mai shayi. Matar gida a cikin fim ɗin ta kawo wa maigida karin kumallo, ta ajiye gwangwanin madara a kan tebur, sannan ta ɗan juya shi yadda sunan kamfani zai fuskanci kyamara. Nan take wani zai ce, "Wallahi an biya su." Wani kuma ya ce, "To in ma an biya su ai asara ce, ni dai ba zan sayi madara don na gan ta a fim ba." Daga nan gardama ta kaure, a bar fim ɗin yana ta yi shi kaɗai.

Wannan gardamar muka ɗauko yau. Shin saƙa haja cikin labari yana sayar da kaya, ko kuwa kamfanoni kansu kawai suke ruɗa? Tambayar ta girme mu duka, don ta haura shekara 120 a duniya. Mun bi sawunta a tarihin Turai da Amurka, inda abin ya samo asali, kuma abin da muka tarar bai goyi bayan kowane ɓangare ɗari bisa ɗari ba.

SABULUN DA YA RIGA JARUMAI SHIGA FIM

A watan Disambar 1895 wasu 'yan uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka fara nuna wa jama'a fim da kuɗin shiga a birnin Paris. Ba a yi nisa ba, a 1896, aka ɗauki wani ɗan gajeren fim da kyamararsu a ƙasar Suwizalan. Mata ne suke wanki a tsakar gida, a gabansu kuma an ajiye akwatuna biyu na sabulun Sunlight, ɗaya da rubutun Faransanci, ɗaya da na Jamusanci. Banza ba ta kai zomo kasuwa: wanda ya shirya abin, François-Henri Lavanchy-Clarke, wakilin kamfanin Lever Brothers na Ingila ne, masu yin sabulun, kuma yana da hannu wajen yaɗa finafinan Lumière. Fim ɗin bai wuce minti ɗaya ba, babu magana, babu jarumi, amma talla ya riga ya sami wurin zama.

Wannan kamfani ba baƙonmu ba ne. Lever Brothers ne ya sayi kamfanin Niger Company a 1920, daga nan kuma aka samar da UAC a 1929, wanda yake cikin manyan masu sayen gyaɗar kakanninmu a zamanin dalar gyaɗa ta Kano. Ana kai ta Turai a tatsi mai, a yi man shafa wa burodi da sabulu. Zuriyarsa ce Unilever, masu garin sabulun da har yau sunansa ya danne na kowa a bakinmu, ta yadda kowane garin sabulu omo muke ce masa.

Ƙorafi ma bai makara ba. A 1920 aka saki wani fim na barkwanci mai suna The Garage, na Roscoe Arbuckle da Buster Keaton, inda alamar man fetur na Red Crown ta fito ɓaro-ɓaro. P. S. Harrison, mai wata jarida ta masu gidajen sinima, ya yi tir da hakan, bisa hujjar cewa mutum ya biya kuɗinsa don a nishaɗantar da shi, an koma ana yi masa talla. Maganar da muke yi a teburin mai shayi ke nan, shekara ɗari da suka wuce.

LOKACIN DA MAI SABULU YA MALLAKI LABARIN

Da rediyo ya bazu a Amurka, kamfanoni suka ga cewa maimakon su roƙi gurbi a labarin wani, gara su mallaki labarin kacokan. A 1933 kamfanin Procter & Gamble ya ɗauki nauyin wani wasan kwaikwayo na rediyo mai suna Ma Perkins don tallata garin sabulunsa na Oxydol. Labarin wata dattijuwa ce mai shagon katako a wani ƙaramin gari, kowa yana kawo mata matsalarsa. Minti 15 ne kullum, daga Litinin zuwa Juma'a, da rana, daidai lokacin da matan aure suke gida suna aikace-aikace. Kowane kashi yana ƙarewa ne a inda dole gobe ki dawo ki ji yadda aka kwashe. An yi ta watsa shi har 1960.

Wannan ne ya sa har yau sunan da Turawa suke kiran wasan kwaikwayo mai dogon zango da shi yake nufin "wasan sabulu". Salon nan na katse labari a inda ya fi daɗi, wanda finafinanmu suke yi mana duk mako, masu sayar da sabulu ne suka raine shi. Procter & Gamble bai tsaya a ɗaukar nauyi ba, ya buɗe sashen shirya wasanni na kansa. Wasan Guiding Light, wanda Irna Phillips ta ƙirƙira, ya fara a rediyo a 1937, ya shiga talabijin a 1952, bai tsaya ba sai 2009. Shekara 72 ke nan. Kamfanin da yake ƙididdige kowane sisi ba zai shafe gomman shekaru yana zuba kuɗi a abin da ba ya dawo masa da riba ba. Wannan ita ce hujja ta farko mai nauyi. Sai dai mu lura da yadda abin ya yi aiki: mai sauraro ɗaya ce, ita ce kuma mai sayen sabulun, ana shiga gidanta sau biyar a mako, shekara da shekaru.

Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga 1949 zuwa 1956, labaran yamma na gidan talabijin na NBC sunan tabar Camel suke ɗauke da shi, har da farantin tokar taba a teburin mai karanta labarai. An hana nuna allon "an hana shan taba" a cikin rahotanni, an kuma hana nuna mutum da sigarin nan mai kauri a baki, in ban da Winston Churchill. Abin ya fi muni a gasar kacici-kacici ta Twenty-One, wadda masu maganin ƙarin jini na Geritol suke ɗaukar nauyi. Bayan kashin farko ya fito lami, masu kuɗi suka nuna ɓacin ransu, sai masu shirin suka koma ba wanda suke so ya ci amsoshi a ɓoye. Charles Van Doren, malami a Jami'ar Columbia, ya ci dala 129,000 ya zama abin alfahari a ƙasar. A watan Nuwambar 1959 ya amsa a gaban kwamitin majalisar dokoki cewa duk shiri ne. A 1960 aka yi dokar da ta mai da irin wannan maguɗi laifi. Wannan badaƙala, haɗe da tsadar shirye-shirye, ta sa gidajen talabijin suka karɓe ragama daga hannun kamfani guda, suka koma sayar da 'yan gajerun gurabun talla tsakanin shiri, irin wanda muka taso muka tarar.

Ko a wancan zamanin ma, farin jinin shiri bai tabbatar da ciniki ba. Wasan barkwanci na I Love Lucy, wanda ya fara a 1951, ya yi shekaru yana kan gaba a yawan masu kallo a Amurka, kamfanin taba na Philip Morris ne kuma ya fara ɗaukar nauyinsa. Duk da haka cinikin tabar bai bi sahun farin jinin wasan ba, kuma a 1955 kamfanin ya janye.

ALEWAR DA KOWA YAKE BA DA LABARINTA

Duk wanda ya zo neman kuɗin talla a fim, labarin E.T. yake fara kawowa. Fim ne na Steven Spielberg da ya fito a 1982, a kan wani yaro, Elliott, da ya haɗu da wata halitta daga wata duniya da 'yan uwanta suka tafi suka bari. Don ya jawo ta gida, sai ya riƙa jera mata alewa a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. An fara tuntuɓar kamfanin Mars don a yi amfani da alewarsa ta M&M's, ya ƙi. Sai aka nufi kamfanin Hershey, mai wata sabuwar alewa da ba ta yi suna sosai ba, Reese's Pieces. Fim ɗin ya zama mafi kawo kuɗi a tarihi a lokacinsa, cinikin alewar kuma ya yi tashin gwauron zabo. Adadin da aka fi ambata shi ne ƙarin kashi 65 cikin 100, ko da yake wasu rahotanni sun kai shi sama da haka nesa ba kusa ba.

Akwai abubuwa biyu da masu ba da labarin suke tsallakewa. Na farko, Hershey bai sa alewa a fim ya koma ya naɗe hannu ba. Yarjejeniyar ita ce zai kashe dala miliyan 1 wajen tallan da ya haɗa fim ɗin da alewar, a shaguna da gidajen sinima. Wato yaro ya gan ta a fim, ya fito ya tarar da ita a kanti da hoton halittar a jiki. Na biyu, alewar tana da aiki a cikin labarin. Ita ce ta ƙulla abota tsakanin yaron da baƙonsa. Babu wanda ya tsaya yana yabon zaƙinta, kuma in aka cire ta dole a nemo abin da zai maye gurbinta.

Tabarau na Ray-Ban ma haka. Samfurinsa na Wayfarer ya kusa mutuwa, don a 1981 guda 18,000 kacal aka sayar. A 1982 kamfanin ya ƙulla yarjejeniyar dala 50,000 a shekara da wasu dillalai don a riƙa sa tabaransa a finafinai da shirye-shiryen talabijin. A 1983 Tom Cruise ya sa shi a fim ɗin Risky Business, aka sayar da 360,000 a shekarar. Zuwa 1986 an kai miliyan 1.5. A nan ma ba fim ɗaya ne ya yi aikin ba, an sa shi a gomman finafinai da shirye-shirye duk shekara, kuma kaya ne da mutum yake saya don ya yi kama da wani.

Yanzu ga ɗaya fuskar. A 1988 aka yi wani fim mai suna Mac and Me, kwaikwayon E.T. ƙiri-ƙiri: yaro, da halitta daga wata duniya. Amma a nan lemon Coca-Cola ne yake farfaɗo da halittun in sun galabaita, sannan aka dakatar da labari aka yi doguwar rawa a cikin gidan abinci na McDonald's. Fim ɗin bai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba, har yau kuma in an tuna shi don a yi dariya ne. Dabara ɗaya ce, shekara shida tsakani, sakamako kuma ya sha bamban.

Akwai kuma haɗarin cewa labarin ba a hannunka yake ba. Kamfanin takalma na Reebok ya zuba kaya da hidima na sama da dala miliyan 1 a fim ɗin Jerry Maguire na 1996. A cikin labarin akwai ɗan wasan da yake jin haushin Reebok har yana zaginsa, bisa fahimtar cewa a ƙarshen fim za a nuna sun shirya. Wajen tace fim aka yanke shiryawar, aka bar zagin. Reebok ya kai ƙara yana neman dala miliyan 10, daga baya aka sasanta a wajen kotu.

YAYA AKE AUNAWA?

A nan gizo yake saƙar. Yawancin alƙaluman nasara daga bakin waɗanda suke sayar da dabarar suke fitowa, kuma ba wanda yake kiran 'yan jarida don ya sanar da cewa ya yi asara. Misali mai ban dariya ya faru a watan Mayun 2019, lokacin da aka manta da kofin gahawa na takarda a kan tebur a wani kashi na Game of Thrones, shirin da labarinsa na zamanin takubba da dawakai ne. Duniya ta ɗauka na Starbucks ne, wani kamfanin harkar talla har ya ƙiyasta cewa Starbucks ya sami tallan kyauta na dala biliyan 2.3. Daga baya ta bayyana kofin ma ba nasu ba ne. Irin wannan lissafi yawan ambaton suna yake aunawa, ba ya gaya mana kofi nawa aka ƙara sayarwa.

Masu bincike na jami'o'i sun fi taka-tsantsan. A 2002 Cristel Russell ta wallafa wani gwaji da ya nuna abin da ya kamata kowane mai shirya fim ya sani. Idan aka cusa haja ta hanyar da ba ta dace da labarin ba, mutane sun fi tuna ta, amma ba ta ƙara musu sonta, don sun gane ana yi musu talla sun ɗaura ɗamarar ƙi. Idan kuwa ta zauna daidai da labarin, ba lallai su tuna ba, amma ra'ayinsu ya fi karkata gare ta. A 2004 kuma Susan Auty da Charlie Lewis suka nuna wa yara a Ingila wani yanki na fim ɗin Home Alone inda lemon Pepsi ya fito a teburin cin abinci, wasu yaran kuma aka nuna musu yankin da babu shi. Da aka gama aka ce kowa ya ɗauki lemo, Pepsi ko Coca-Cola. Waɗanda suka ga yankin Pepsi sun fi ɗaukarsa, kuma ko yaro ya tuna ya gan shi ko bai tuna ba, hakan bai sauya zaɓinsa ba.

Ashe abokinmu na teburin mai shayi da ya ce shi ba zai sayi madara don ya gan ta a fim ba, yana da gaskiya game da gwangwanin da aka juya masa ya gani. Wanda bai lura da shi ba ne abin tambaya.

HUJJAR DA TA FI KOWACE ƘARFI

Shaidar da ta fi gamsar da mu ba daga masu alfahari da nasara ta fito ba. Daga kamfanonin taba ta fito, waɗanda suka yi iya ƙoƙarinsu su ɓoye ta.

Daga ranar 2 ga Janairun 1971 aka haramta tallan sigari a rediyo da talabijin a Amurka. Da aka rufe ƙofa, sai suka bi ta taga. A fim ɗin Superman II na 1980, wanda yara suka yi tururuwar kallo, sunan Marlboro ya fito sau da dama, har da wurin da aka wurga jarumin cikin wata babbar mota mai ɗauke da tambarin tabar. Philip Morris ya biya kimanin dala 43,000 a kan haka. A 1983 Sylvester Stallone, wanda muka fi sani da Rambo, ya sa hannu a wata wasiƙa cewa zai yi amfani da tabar kamfanin Brown & Williamson a finafinai biyar a kan dala 500,000. An kuma biya dala 350,000 don tabar Lark ta fito a fim ɗin James Bond na 1989, Licence to Kill. Ba zargi ba ne, takardun cikin gida na kamfanonin ne da suka fito fili sakamakon binciken majalisa da shari'o'in shekarun 1990.

A watan Nuwambar 1998 manyan kamfanonin taba suka sasanta da jihohi 46 na Amurka, za su biya kimanin dala biliyan 206 cikin shekara 25, kuma cikin sharuɗɗan har da daina biyan kuɗi don a sa taba a fim. Daga baya likitoci suka auna abin. A 2003 masu bincike na Dartmouth suka wallafa sakamakon bibiyar yara kusan 2,600 'yan shekara 10 zuwa 14 da ba su taɓa shan taba ba. Cikin waɗanda suka fi kallon finafinan da ake shan taba, kashi 17 cikin 100 sun fara sha. Cikin waɗanda suka fi ƙarancin kallo, kashi 3 ne. Ko bayan an cire tasirin iyaye da abokai da halin yaron, haɗarin ya kusa ninki uku. A 2012 rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya yanke cewa ganin shan taba a fim yana cikin abin da yake sa matasa su fara.

Adalci ne mu faɗi cewa wannan bincike duk wani shan taba a fim ya ƙirga, wanda aka biya da wanda ba a biya ba. Amma darasin bai sauya ba. Abin da jarumi yake riƙe da shi yana shiga zuciyar mai kallo, musamman yaro, ko da ba a ce masa ya saya ba. Shi ya sa tun 2012 Indiya ta wajabta gargaɗi duk lokacin da aka kunna sigari a fim. Masu kallon finafinan Indiya a cikinmu sun san ɗan rubutun nan da yake fitowa a ƙasan allo. Najeriya ma dokarta ta 2015 ta hana tallan taba da ɗaukar nauyin shiri da sunanta.

DA'IRA TA ZAGAYO

Da intanet ya zo, mai kallo ya sami damar tsallake talla, sai kamfanoni suka koma gidan jiya, wato mallakar labarin. A 2001 da 2002 kamfanin motoci na BMW ya fitar da gajerun finafinai takwas a intanet masu suna The Hire, Clive Owen ne direban, manyan daraktoci irin su Ang Lee da John Woo suka ba da umarni. Tun kafin a ƙirƙiri YouTube mutane suke zama su jira su sauke su, an kuma kalle su sama da sau miliyan 100. A 2014 fim ɗin The Lego Movie, wanda gaba ɗayansa kayan wasan yara na kamfanin Lego ne, ya tara sama da dala miliyan 460, cinikin kamfanin kuma ya ƙaru a shekarar. A 2023 fim ɗin 'yar tsana Barbie ya haura dala biliyan 1.4. Abin da Harrison ya yi kuka a kansa a 1920 ya tabbata har ya wuce: mutane suna biya da kuɗinsu su kalli talla na kusan awa biyu. Amma sun biya ne saboda an nemo gwanaye sun yi fim mai kyau. Don haka ba kowa yake iyawa ba.

Hukumomi ma sun bi sawu. Birtaniya ba ta halatta biyan kuɗi don saƙa haja a shirye-shiryen talabijin na cikin gida ba sai a watan Fabrairun 2011, kuma da sharaɗi. Dole a nuna alamar harafin P don mai kallo ya san an biya. An hana a labarai da shirye-shiryen yara. An hana taba, da giya, da caca, da magunguna, da madarar jarirai, da abinci mai yawan sukari ko gishiri ko kitse. Jerin kayan da aka hana ɗin shi kansa amsa ce ga tambayarmu, don ba a kafa doka a kan abin da ba ya tasiri.

INA MUKA TSAYA?

Wannan tarihi na wasu ne, amma ya iso ƙofar gidanmu. Tun da satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai, masu shirya finafinan Hausa suka koma tashoshin talabijin da YouTube, inda mai kallo ba ya biyan ko sisi kai tsaye. Dole wani ya biya kuɗin kyamara da 'yan wasa da man janareta, kuma sau da yawa mai haja ne. Ba laifi ba ne, mu da muka saba da mawaƙi yana saka sunan attajiri a waƙa a yi masa kyauta. Bambancin shi ne a dandali kowa yana ganin lokacin da aka miƙa kuɗin.

Ga ɗan kasuwar da ake zuwa wa da labarin E.T., tarihi yana cewa ya yi tambaya kafin ya zaro kuɗi. Masu kallon nan su ne masu sayen kayana? Kayan yana da aiki a labarin, ko ajiye shi kawai za a yi a tebur? In mutum ya gani ya fita nema, zai same shi a shagon unguwarsu? Sau ɗaya za a nuna, ko za a daɗe ana yi? Sannan ya rubuta cinikinsa kafin fim ya fita da bayan ya fita, kada ya auna da yawan waɗanda suka danna alamar so.

Ga 'yan uwanmu masu shirya fim, labarin Mac and Me da na Twenty-One sun isa wa'azi. Ranar da aka dakatar da rigimar kishiyoyi don jaruma ta yi minti uku tana karanta lambar wayar mai magani, an yi asara biyu, mai kallo ya tsallake, mai haja bai sayar ba. Jarin mai fim shi ne yardar masu kallo, in ta zube kuma ba ta kwasuwa duka.

Mu kuma masu kallo, musamman iyaye, namu ya fi nauyi. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi: dabarar ta fi aiki a lokacin da ba mu lura ba, ta kuma fi kama waɗanda ba su kai lura ba. A Amurka taba ce. A wayoyin 'ya'yanmu yau, man sauya launin fata ne a hannun jarumar da suke so, da magungunan da ba a san abin da aka haɗa a ciki ba, da manhajojin caca, da tukunyar shisha a bidiyon waƙa. Ba sai mun jira shari'ar shekara 20 ta fito mana da takardu ba. Muna iya neman abu mai sauƙi tun yanzu: duk wanda aka biya ya faɗa a fili cewa an biya shi, a farkon fim ko a jikin bidiyo, kuma kayan da ke cutarwa a nisanta su daga abin da yara suke kallo. In muna kallo tare da su, mu riƙa tambayarsu, "Me ya sa kake jin aka nuna mana wannan?" Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna son jin ta bakinku, musamman masu shaguna da waɗanda suke cikin harkar fim. Akwai wanda ya taɓa sa kayansa a fim ya ga canji a ciniki, ko ya ga babu? Akwai abin da kuka taɓa saya, sai daga baya kuka tuna inda kuka fara ganinsa?